Labari Ɗaya, Hanya Biyu: Ƙagaggun Littattafai da Finafinansu Daga Zariya Zuwa Gidigir

Gabatarwa

Garin Gidigir yana bakin babbar hanyar kwalta wadda ta taso daga Yamai, ta ratsa Maraɗi da Damagaram, ta wuce ta Gure ta nufi Diffa. Gari ne na kasuwa a cikin gundumar Gure, inda Mangawa da Hausawa da Fulani da Buzaye da Tubawa kan haɗu, Hausa kuwa tana cikin harsunan da ciniki ya fi faɗawa da su. Ta wannan hanya ce hajar Kano take isowa, bayan ta biyo ta Magarya ko Matamaye ta sauka Damagaram. A cikin hajar nan, tun daga shekarun 1990, har da kaset-kaset na finafinan Hausa, daga baya faya-fayan sidi, yau kuma abin ya koma cikin wayar hannu.

Duk inda malaman makaranta da ƴan ƙungiyoyin al'adu suka zauna hira a irin waɗannan garuruwa, da wuya a tashi ba a taɓo zancen labaran da ake karantawa da waɗanda ake kallo ba. Wani ya ce littafi ya fi daɗi, wani ya ce fim ya fi shiga rai. Sai dai gardamar takan tsaya a rabin hanya, domin sau da yawa wanda ya kalli fim ɗin bai taɓa riƙe littafin ba, wanda ya karanta littafin kuma bai sami ganin fim ɗin ba. Dalilin haka yana cikin tarihi, domin hanyar da takarda ta bi daban ce da wadda hoto ya bi. Maƙasudin wannan maƙala shi ne bin sawun hanyoyin biyu, tun daga gasar Zariya ta 1933 har zuwa yau, domin a ga abin da fim ya ƙara wa ƙagaggen labari da abin da ya rage masa, a kuma gane dalilin da ya sa a gabashin Nijar fim ya riga littafi isowa.

Gasar Zariya da iyakar da ta raba masu karatu

A shekarar 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, a ƙarƙashin jagorancin Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Daga wannan yunƙuri aka sami littattafai biyar da ake lissafawa a matsayin tushen ƙagaggen labarin Hausa na zamani: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East ɗin kansa. An fara buga su daga 1934. Bukatar hukumar a fili take: makarantun boko na Arewacin Nijeriya suna koyar da yara karatu da Hausa, ga shi babu abin da yaran za su karanta bayan sun iya. Magana Jari Ce ta biyo baya a ƙarshen shekarun 1930, sannan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam yana editanta. Ta haka makaranta da maɗaba'a da marubuci suka taso tare kamar ƴan gida ɗaya.

A wannan gefe na iyaka al'amarin ya sha bamban. Turawan Faransa ba su yarda da wani harshe a lakwal ba sai Faransanci. Yaron da aka sa lakwal a Gure ko Damagaram ya koyi karatu da harshen da ba a magana da shi a gidansu, wanda ya tsaya a makarantar allo kuma ya san baƙaƙen Larabci da ajami. Hausar boko, wadda da ita aka rubuta littattafan Zariya, sai ta faɗa tsakanin biyun, ba ta sami mai ɗaukar ta ba. Bayan samun mulkin kai a 1960, hukumar yaƙi da jahilci ta fara koyar da manya karatu da harsunan ƙasa, amma abin da ake ba su karantawa ya fi karkata ga noma da kiwon lafiya da sha'anin ƙungiyoyin manoma. Sai a 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yara suka fara karatu da Hausa kafin Faransanci. Shekara arba'in cif ke nan bayan gasar Zariya, kuma tazarar nan ita ce mabuɗin duk abin da ya biyo baya.

Shaihu Umar: littafin da ya zauna, fim ɗin da ya ɓata

A cikin littattafan nan biyar, Shaihu Umar ne ya fi kusa da mutanen gabashin Nijar, domin labarinsa na hamada ne da fataucin bayi. Wani babban malami a Rauta ne yake ba almajiransa tarihin rayuwarsa: yadda aka haife shi a Kagara, mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa ta auri Makau, wanda makircin fada ya sa aka kore shi daga gari, yadda aka sace shi yana ƙaramin yaro, ya faɗa hannun wani Balarabe mai suna Abdulkarim, wanda ya tafi da shi ƙasar Masar ya riƙe shi kamar ɗa, ya sa shi karatu, da yadda mahaifiyarsa ta fita nemansa, aka yaudare ta, aka bautar da ita ta Murzuk har Tarabulus, ba su sake haɗuwa ba sai dab da ajalinta. Hanyoyin da irin waɗannan ayarori suke bi sun ratsa ƙasar da ake kira Nijar a yau, wasu ta Damagaram da Agadas, wasu ta Kawar da Bilma. Mai karatu a Muniyo ba ya bukatar a yi masa bayanin ƙishirwa ko guguwar rairayi da ke binne ayari.

Ƙarfin littafin yana cikin muryar mai ba da labarin. Shaihu Umar yana magana cikin natsuwar malami wanda ya sallama wa ƙaddara, ba ya ɗaga murya ko a wurin da ya fi ciwo, kuma wannan sanyin murya ne yake sa wahalar uwar ta ƙara nauyi a zuciyar mai karatu. Marubucin yana malamin makaranta lokacin da ya rubuta shi, daga baya ya zama Firayim Ministan Nijeriya, aka kashe shi a juyin mulkin Janairun 1966. Mervyn Hiskett ya fassara littafin zuwa Ingilishi a 1967. A 1975 Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka fitar da shi a matsayin wasan kwaikwayo, a 1976 kuma Adamu Halilu ya mayar da shi fim na silima, mai tsawon fiye da awa biyu, da Hausa.

Fim ɗin ya ba labarin abin da takarda ba ta iyawa. Ya nuna fada da dawakai da rawuna, ya nuna faɗin hamada da ƙanƙantar mutum a cikinta, ya sa kunne ya ji Hausar fada da ta zaure. Amma abin da ya same shi daga baya darasi ne babba. Littafin ya ci gaba da zama a hannun ɗalibai, ana sake buga shi, ana yin jarrabawa a kansa. Fim ɗin kuwa ya ɓace daga idon jama'a shekaru da yawa, har aka ɗauka ya salwanta. Sai a 2016 aka gano faifansa na asali a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, wata cibiya a Jamus mai suna Arsenal ta taimaka aka gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Barlin a 2018. Littafi ƙarami mai arha ya tsira saboda yana da dubban kofe a dubban gidaje, fim mai tsada ya kusa hallaka saboda rayuwarsa ta rataya ga ƴan gwangwanaye a ɗaki ɗaya.

Sarraounia: sarauniyar Hausa da ta yi magana da wani harshe

Misali na biyu ya fi na farko kusa da gida. Abdoulaye Mamani an haife shi a 1932 a Gudumariya, gabas da Gure, a kan hanyar nan da ta bi ta Gidigir. Ɗan gwagwarmayar jam'iyyar Sawaba ne, ya yi gudun hijira na tsawon shekaru, har ya zauna a Aljeriya, ya komo gida bayan juyin mulkin 1974, aka kuma tsare shi a zamanin Seyni Kountché. A 1980 kamfanin L'Harmattan na Faris ya buga littafinsa mai suna Sarraounia, da Faransanci. Ya rasu a hatsarin mota a 1993.

Tushen labarin tarihi ne tabbatacce. A 1899 rundunar Faransa a ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar Hausa ta nufi Tafkin Cadi, tana ƙone garuruwa tana kashe mutane. A watan Afrilu ta gwabza da Aznan Lugu, a yankin Dogon Dutsi, waɗanda Sarauniya Mangu take jagoranta. Rundunar ta wuce ta yi ɓarna mai muni a Birnin Ƙonni, a watan Yuli kuma, kusa da Tasawa, Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb da aka aiko ya tsayar da shi, sannan sojojinsu suka juya suka kashe Voulet da Chanoine. Ragowar rundunar ce ta ci Damagaram bayan yaƙin Tirmini a ƙarshen watan. Takardun Turawan ba su ba Sarauniya wuri mai yawa ba. Mamani ne ya ɗauki ƴan layukan nan da abin da baka ta adana, ya gina mata ƙuruciya da tarbiyya da magana, ya mayar da ita jarumar ƙasa baki ɗaya. Littafin ya shiga cikin waɗanda ake karantawa a makarantun Nijar, sunanta kuma ya hau kan gidan rediyo da talabijin a Yamai.

A 1986 Med Hondo, ɗan ƙasar Muritaniya, ya fitar da fim ɗin littafin, Mamani yana cikin waɗanda suka tsara shi. Da farko a Nijar aka yi niyyar ɗaukar sa, amma shirin ya wargaje, sai Burkina Faso ta zamanin Thomas Sankara ta karɓi aikin. Aï Keïta ta fito a matsayin Sarauniya, kuma a 1987 fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu. Fim ne mai girma, wanda ya nuna rundunar mulkin mallaka tana ruɓewa daga ciki, ya kuma ba sojojin Afirka da ke cikinta fuska da murya. Sai dai sauyin wurin ɗauka ya zo da farashinsa. Harsunan da suka mamaye fim ɗin su ne Julanci da Fulatanci da Faransanci. Sarauniyar Lugu, wadda sunan sarautarta ma kalmar Hausa ce, ta bayyana a allon duniya tana magana da harshen da jikokinta ba sa ji.

Abin lura a nan shi ne, labarin ya tsallake Hausa sau biyu, a takarda da kuma a allo. Manomin Arewa ko na Muniyo da bai yi lakwal ba, ba zai iya karanta littafin ba, in kuma an nuna masa fim ɗin sai ya nemi tafinta. Sauran finafinan Nijar da aka ciro daga rubutu su ma daga Faransanci suka taso: Toula na Moustapha Alassane daga labarin Boubou Hama, da Si les cavaliers na Mahamane Bakabé, na 1982, daga rubutun André Salifou a kan yunƙurin da fadar Damagaram ta yi a 1906 na kawar da Turawa. Abin da ya riƙe Hausa a idon jama'ar Nijar a waɗannan shekaru shi ne wasan kwaikwayo na dandali da na rediyo da talabijin, irin na ƙungiyar Yazi Dogo a Damagaram da na samariya, kuma akasarin waɗannan wasanni a baka ake tsara su, ba daga littafi ake ciro su ba.

Kano: lokacin da marubuta suka ɗauki kyamara

A Nijeriya kuwa wani sabon ƙarni na masu karatu ya taso. Shirin ba da ilimin firamare ga kowa na 1976 ya cika azuzuwa da yara, mata da maza. A 1980 kamfanin ɗab'i na NNPC a Zariya ya buga littattafan da suka ci gasarsa, ciki har da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, waɗanda suka sa soyayya da auren dole a tsakiyar labari. Da tattalin arziki ya tsuke daga 1986, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, sai matasa suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, suna kai wa ƴan kasuwa. Ƙungiyoyin marubuta irin su Raina Kama suka kafu a Kano. Masana suka yi ta muhawara a jaridu: Ibrahim Malumfashi ya kira abin Adabin Kasuwar Kano, yana ganin ba zai daɗe ba, su Ibrahim Sheme da Yusuf Adamu da Abdalla Uba Adamu kuma suka tsaya a kan cewa adabi ne na zamaninsa wanda ya cancanci nazari.

Ana cikin haka, a 1990, ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka a matsayin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da ya shiga kasuwa. Marubuta suka ga ƙofa ta buɗe. Ado Ahmad Gidan Dabino ya buga In Da So Da Ƙauna a 1991, labarin Sumayya ƴar masu hali da ta zaɓi Muhammad talaka, aka matsa mata ta auri Abdulƙadir mai kuɗi, har ta faɗa rijiya. Littafin ya yi kasuwar da ba a saba gani ba, ya kuma sha suka daga masu ganin zai koya wa ƴan mata bijire wa iyaye. A 1994 aka mayar da shi fim. Bala Anas Babinlata da Ɗan'azumi Baba su ma suka juya labaransu zuwa bidiyo, aka yi fim ɗin Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, sannan a 1998 aka yi na Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda aka buga tun 1990.

Wannan littafi na ƙarshe ya isa a tsaya a kansa, domin yana cikin mafi ƙarfi a zamaninsa. Rabi matar Alhaji Abdu ce, uwar ƴaƴa tara, tana fama da ƙarancin cefane alhali mijin yana da rumfa a kasuwa. Ya auro Delu, rikici ya tashi, ya saki Rabi ya kore ta da ƴaƴanta. Ta kama sana'ar abinci ta riƙe gidanta, ƴarta Saudatu ta yi aure mai kyau, shi kuwa gobara ta cinye dukiyarsa, amaryar ta juya masa baya, dangi suka taru suka matsa wa Rabi ta koma. Marubuciyar ba ta yi wa ƙarshen ado ba, ta bar mai karatu da tambayar ko komawar nan nasara ce ko wani sabon nauyi. Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Ingilishi, wani kamfani a Indiya mai suna Blaft ya buga shi a 2012.

A irin wannan labari ne bambancin takarda da kyamara yake fitowa sarai. Littafi yana shiga zuciyar Rabi, ya bi ta cikin lissafin kuɗin cefane da zullumin dare, ya faɗi abin da kunya ba za ta bar ta ta furta ba. Kyamara sai abin da ido ya gani ko kunne ya ji, saboda haka dole ta mayar da tunani ya zama magana, ko kuka, ko waƙa. Haka nan littafi yakan shiga ɗakin aure da kalma ɗaya ya fita, mai karatu shi kaɗai ne da takardarsa. Fim kuwa a tsakar gida ake kallon sa, uba da ƴa da suruki suna zaune, kuma ƴan wasan mutane ne sanannu waɗanda ba ma'auratan juna ba. Abin da aka karanta shiru ba a ce komai ba, da aka nuna shi sai ya zama abin cece-kuce. A ɗaya gefen, fim ya kai labarin ga tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba, ya ba ta damar ta yanke wa Alhaji Abdu hukunci da bakinta.

Zumuncin littafi da bidiyo bai daɗe ba. Daga 1999, shekarar da Sangaya ya fito, aka kafa mujallar Fim, sunan Kannywood kuma ya bayyana a mujallar Tauraruwa, kasuwa ta nuna cewa waƙa da rawa ne suke sayar da kaset. Masu shirya finafinai suka koma ɗibar labari daga finafinan Indiya, waɗanda Hausawa suka daɗe suna kallo a gidajen silima, domin ya fi sauƙi da arha a kan neman izinin marubuci da tsara littafi mai juzu'i biyu ko uku. A 2001 gwamnatin Kano ta kafa hukumar tace finafinai, a 2007 kuma aka ƙona wasu littattafan soyayya a bainar jama'a a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Marubuta da yawa sun ci gaba da aiki a masana'antar a matsayin masu tsara labari, amma littafin da aka buga ya daina zama uwar fim.

Yadda fim ya riga littafi isowa

Idan aka komo gabashin Nijar da wannan tarihi a hannu, sai lissafin ya fito. Kaset ba ya tambayar mai kallo ko ya yi makaranta. Akwatin talabijin ɗaya da na'urar bidiyo da ƙaramin janareto sun isa su tara unguwa guda a rumfa, kuma Hausar Kano ba baƙuwa ba ce a kunnen mutumin Damagaram ko Gure. Littafin Kano kuwa yana neman wanda ya saba da Hausar boko, ga shi yawancin waɗanda suka yi lakwal da Faransanci suka koyi karatu, idonsu ya saba da rubuta Zinder da Gouré da Guidiguir, yana tuntuɓe a kan ƙ da ɗ da ɓ. Littafin Faransanci shi ma ya yi nisa, musamman bayan karya darajar kuɗin sefa da rabi a Janairun 1994, wadda ta sa duk abin da aka bugo a Faransa ya yi tsada. Saboda haka a Kano mutane suka karanta In Da So Da Ƙauna sannan suka je su ga yadda aka yi da shi, a nan kuwa da yawa suka san ƴan wasa da waƙoƙinsu ba tare da sun san cewa wasu labaran suna da marubuta da littattafai a bayansu ba.

Zamanin wayar hannu ya sake juya al'amarin. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, finafinai masu dogon zango suka karɓe wurin na kaset, YouTube ya zama kasuwa. Marubuta, musamman mata, suka koma sakin labaransu babi-babi ta WhatsApp da Wattpad da Facebook, wasu kuma suna karanta littattafai da murya ana saurare kamar rediyo. Sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata ta mata marubuta a 2016. A karo na farko iyaka da kuɗin mota sun daina tsare labarin Hausa rubutacce daga isa Gidigir. Matasa da yawa da ba a koya musu rubutun Hausa a aji ba sun koye shi da kansu a kan allon waya, ko da yake ba bisa ƙa'ida ba, babu ƙugiya a baƙaƙe, babu kula da rabin kalma da haɗinta.

Kammalawa

A watan Maris na 2025 kundin da aka kafa domin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa na Nijar, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Doka tana iya ɗaga darajar harshe, amma masu karatu a aji da ɗakin karatu ake yin su, kuma tarihin da aka bi a sama ya nuna inda aikin yake. Malamin da ke neman abin da zai sa a gaban ɗalibansa yana da tagwaye uku da suka isa shekara guda: Shaihu Umar da fim ɗin Adamu Halilu, Sarraounia da fim ɗin Med Hondo, Alhaki Kuykuyo Ne da bidiyonsa, gwargwadon abin da hannu ya iya kaiwa gare shi. Ya fi kyau a fara da littafin, domin wanda ya riga ya ga fuskar ɗan wasa ba ya sake iya ƙirƙiro tasa. Bayan kallo sai a tambayi ɗalibi abin da aka cire, da abin da aka ƙara, da harshen da kowane mutum ya yi magana da shi, da wanda ya biya kuɗin aikin. Ɗalibin da ya amsa waɗannan a kan Sarauniyar Lugu ya koyi adabi da tarihin ƙasarsa a zama ɗaya.

Ƙungiyoyin al'adu kuma suna da nasu rabon. Tara tsofaffin littattafan Kano da na Zariya a akwati ɗaya a makaranta ko gidan matasa aiki ne da ba ya bukatar kuɗi mai yawa, kuma abin da ya sami fim ɗin Shaihu Umar ya isa gargaɗi ga masu ganin cewa duk abin da ke cikin waya ya tsira. Jami'ar Damagaram, wadda take ɗauke da sunan André Salifou, tana da ɗaliban da za su iya sa littattafan marubutan Nijar a bakin Hausa, su kuma rubuta wasannin dandali da suka rage a ƙwaƙwalwar tsofaffin ƴan wasa kafin ƙasa ta rufe musu ido. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Mutanen Gidigir sun daɗe da gani, sun kuma daɗe da ji. Ranar da littafin ya zo hannunsu da harshen da suke ciniki da shi, gardamar wanne ya fi tsakanin littafi da fim za ta samu alƙalai da suka san ɓangarorin biyu.